Binnen Kawu Sale da Jirgin da ke Bin Hadari

Tun da na dawo daga Wagadugu ban huta da tambaya ba. A masallacin unguwa, a bakin kasuwar Azare, har wurin mai faci, kowa sai ya tare ni: “Malam Isa, wai da gaske ne can jirgi ke sa a yi ruwa?” Abokan hirarmu ta yamma kuwa har suna suka laƙaba mini, wai Mai Hadari. In na doso sai wani ya ɗaga kai sama ya ce a kwashe shanya. Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma na lura duk wanda ya karɓa sai ya ƙara masa gishiri kafin ya miƙa gaba. Jiya na ji an ce wai ni ne ma na tuƙa jirgin. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, yadda ya faru.

Ni malamin gona ne, kuma kowa ya san yadda daminar bana ta yi mana. Ruwan farko ya sauka da kyau, mutane suka fita suka yi shuka, sai sama ta ɗauke cak. Daga Shira har Dambam shuka ta fito ta ƙone muna kallo. Ana cikin haka aka kira ni ofis aka ce an ji labarin ƙasar Burkina ta fara aikin taimaka wa hadari da jirgin sama, ana so mu je mu gani da ido. Ni da Mista Yohanna aka zaɓa. Mutumin kudancin Bauchi ne, shi ke kula da ma’aunin ruwan sama a ofishinmu, kuma ya daɗe a Azare har ya fi ni sanin lungunanta.

Kafin mu tashi na hau babur na je Disina in yi sallama da Kawu Sale, wan mahaifiyata, wanda a hannunsa na girma. Kawu yana da wani irin gero da ya gada wurin mahaifinsa, mai dogon kai da gashi, tsuntsu ba ya iya sauka a kansa. Bai taɓa sayen iri a kasuwa ba, bai kuma taɓa karɓar na ofishinmu ba, ko da ni na kai masa. Shukar farko ta cinye yawancin abin da ya ajiye. Abin da ya rage ɗan kaɗan ne a cikin tulu, shuka ɗaya tak zai yi.

Na same shi a zaure yana gyaran ƙotar sungumi. Labari ya riga ni isa.

“An ce za ka je ɗauko mana ruwa.”

“Kawu, gani dai za mu je yi.”

“A wannan zamani da mutum ke kwana a layin mai, gwamnati ta ba ku mota ta ba ku mai don kallo kawai? Kai dai je ka. Ni gobe zan yi binne, ka dawo ka tarar da iri a ƙasa yana jiranka.”

Ga wanda bai san noma ba, binne shi ne a zuba iri a busasshiyar ƙasa a rufe, tun ruwa bai zo ba. In aka yi sa’a ruwa mai ƙarfi ya sauka, mai binne ya riga kowa. In kuwa yayyafi ne ya jiƙa saman ƙasa kawai, iri zai tsira ya rasa abin sha ya mutu, shi ke nan an yi asara. Na ce masa ya dakata har in dawo. Ya ce damina ta yi nisa, in ya ƙara jira geron ba zai kai ga nuna ba. Ban matsa masa ba, don gaskiya ni ma a lokacin ban san iyakar abin da jirgin nan ke iya yi ba, kuma zuciyata ta fi karkata ga abin da Kawu ya ɗauka.

Motar ofis aka ba mu, wata tsohuwar a-kori-kura, da direba Malam Garba, mutumin Dambam, mai Fulatanci da Barbarci da surutu. Saboda wahalar mai, jarkoki muka jera a baya, muka ɗora kayanmu a kai. Kafin mu kai Wudil dambun naman da uwargida ta yi mini guzuri ya sha warin fetur, haka ma soyayyiyar gyaɗar Mista Yohanna. Muka ci abinmu a haka, Malam Garba yana gargaɗin kada wanda ya yi gyatsa kusa da mai shan taba.

Muka kwana Katsina, da safe muka bi ta Jibiya muka shiga Nijar. Jandarman da ya tare mu a iyaka siriri ne, kakinsa a goge, Hausarsa tsaf, amma fuskar nan babu alamar wasa. Namu na gida in sun tare ka, da gaisuwa da raha ake rabuwa. Wannan kuwa ya duba takardunmu ya mayar, sannan ya ce a nuna masa tukunyar kashe wuta. Malam Garba ya tono ta daga ƙarƙashin kujera da alfahari. Jandarma ya girgiza ta, ya ji wayam, ya dubi jarkokin mai, ya dube mu.

“Ku uku, da fetur haka, da tukunya babu komai. Matanku sun san da wannan tafiyar?”

Sai da Malam Garba ya hau motar haya ya je Maraɗi ya samo wata tukunyar a cike, mu kuma muka wuni a gindin bishiya muna shan shayi mai ɗaci a ’yan ƙananan kofuna tare da jandarman. Da ya ji abin da za mu je gani, ya ce in mun samo ruwan mu rage musu a hanya, don su ma gonakinsu haka suke.

A Doso muka koyi wani abu da ba mu da shi a gida. Mun tsaya da yamma kusa da wani ofishin hukuma, Malam Garba ya ɗauki buta zai zaga, sai aka busa usur. Nan take kowa ya tsaya inda yake, mai keke ya sauka, mai talla ta tsaya da farantinta a ka. Ashe tuta ake saukewa. Malam Garba bai sani ba, ya ci gaba da tafiya yana kaɗa buta. Wani soja ya daka masa tsawa, ya ƙame da ƙafa ɗaya a gaba har aka naɗe tutar. Da ya dawo ya ce shi bai taɓa ganin ƙasar da ake hana mutum uzurinsa saboda ƙyalle ba. Mista Yohanna ya yi dariya har da riƙe ciki.

Duk tsawon hanyar nan abu ɗaya nake kallo, gonaki. Daga Ƙonni har Yamai layukan shuka ne a bushe, da mutane zaune a inuwa suna duban gabas. Duk inda na ga tsoho da sungumi sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Bayan mun haye kogi a Yamai, Hausa ta fara ja da baya. Da muka shiga Burkina kuwa sai ta kusa ƙarewa, Turancin Mista Yohanna ma ya zama ba shi da amfani, don Faransanci suke yi. Fulatancin da na sha a nono shi ya cece mu, ni da Malam Garba, don kusan kowace tasha ba a rasa Bafulatani. A Fadan Gurma zuma ake sayarwa a bakin hanya. Malam Garba ya sayi kwalba ya cusa cikin kaya bai ɗaure bakin da kyau ba, ta tsiyaye a kan kwat ɗin da Mista Yohanna ya tanada don ganin manya. Har muka dawo ƙudaje ba su rabu da jakar nan ba.

Wagadugu gari ne na babura. Abin da ya fara ba ni mamaki mata ne a kansu, tsofaffi da ’yan mata, wata da goyo a baya da kwandon tumatir a gaba, tana tafiya hankalinta kwance. Na ce a raina, da a Azare ne da an fito kallo. Muka sauka a unguwar Zango wurin wani Alhaji Mudi, wanda kakanninsa fataken goro ne daga ƙasar Kano. Bai taɓa zuwa Najeriya ba, amma Hausarsa irin ta tsofaffinmu ce, har da kalmomin da rabona da jin su tun rasuwar kakata. Kafin a tambaye mu ko sunanmu aka kawo mana wani farin ruwa a ƙwarya, garin gero da tsamiya da citta, ɗan’uwan farau-farau. Wai a can ba a magana da baƙo sai ya sha. Tuwonsu da ruwan tsami ake tuƙa shi, ranar farko na ɗauka ya kwana ne, na ci don kunya. Da safe kuma burodi ne dogo kamar sanda, mai tauri, da kofi a kwano.

Washegari muka tafi filin jirgin da ake aikin. Mun makara wajen neman hanya, muka isa da azahar, muka tarar ofisoshin gari duk a rufe. A can da rana ta take kowa gida yake tafiya ya kwanta, sai wajen la’asar a dawo. Amma masu aikin hadari suna nan, don su lokacin ne ma aikinsu ke tashi.

Mutum biyu ne suka riƙe mu. Ta farko Madam Salamata, mai duban yanayi, ’yar gajeriya mai tabarau, ita ce ke cewa a tashi ko kada a tashi. Tana jin Turanci, sai ta zama ta Mista Yohanna. Na biyu matuƙin jirgin, Kyaftin Bubakar, Bafulatanin arewacin ƙasar. Da na gaishe shi da Fulatanci ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya tambaye ni shanun ƙasarmu ta Katagum, ya ce lallai daga yau ni baƙonsa ne.

Ga yadda aikin yake. Tun da sassafe ake sakin wata babbar balan-balan da ’yar na’ura a rataye, ta hau sama tana aiko da labarin zafi da laima da inda iska ta nufa. Sannan a taru a wani ɗaki mai sanyi, Madam Salamata ta baza hoton da tauraron ɗan Adam ya ɗauko, inda hadari ke fitowa fari-fari. A bango akwai taswira da aka zagaye wasu wurare da jan alƙalami, madatsun ruwan da birnin ke sha da wasu yankunan noma. Nan ne kawai ake so ruwan ya sauka. Sai ta faɗi ko yau akwai alamar hadari, daga ina zai taso, da wajen lokacin da ake sa ransa. Daga nan makanikai su je su ɗaura wa jirgi kaya. Wasu sanduna ne kamar manyan kyandirori, a jere a bayan fukafukai. Waɗansu gishiri ne mai laushi ƙwarai a ciki, ana kunna su a gindin hadari. Waɗansu kuma wani magani ne da ake haɗawa da azurfa, na can ƙololuwa ne inda sanyi ya kai ga ƙanƙara. In an gama ɗaurawa sai kowa ya nemi wuri ya zauna.

Zaman nan shi ne abin da ba wanda ya gaya mini. Ranar farko muka zauna har magariba. Rana ta biyu haka. Jirgi a shirye, mai a ciki, matuƙa suna buga dara a inuwar fiffike, sama kuwa fes. Raina ya fara ɓaci. Na sami Kyaftin na ce masa, ga jirgi ga magani, ga mutane suna ƙonewa, me ake jira?

Ya ce, “Malam Isa, ka taɓa ganin mahaifiyarka tana kaɗa nono?”

Na ce sosai ma.

“Man yana cikin nonon tun farko, a warwatse. Kaɗawa ce ke tara shi. Hadari ma haka yake, cike yake da ɗigon ruwa ƙanana da ba su da nauyin faɗowa. Hayaƙin gishirin nan shi ke sa su haɗu su yi nauyi. Amma in ƙwarya babu nono, me zan kaɗa? In na tashi yanzu mai kawai zan ƙona.”

Na ce to in hadarin ya zo ƙarami fa, za a iya mayar da shi babba?

“A’a. Abin da ya zo da shi muke taimaka masa ya sauke, wataƙila da ɗan ƙari. Kuma ba kowanne ba. Wanda ya yi ƙanƙanta ba ya amsawa. Wanda ya riga ya fara zuba ya wuce mu. Wanda ya yi girma da fushi kuwa Madam ba ta barin mu kusance shi, kada a ƙara masa ya rushe gidajen mutane.”

A daren nan ban iya cin tuwon Alhaji Mudi ba. Tun daga ranar, kullum da safe in an baza hoton, sai in matsa kusa da Mista Yohanna in ce ya roƙi Madam ta nuna mana wajen gida. Takan sa bakin alƙalami gabas da Kano ta ce ga ku nan. Wurin baƙi ƙirin, babu ko ɗigon fari. Ban san ko in yi baƙin ciki ko in gode ba, don rashin ruwa ya fi wa mai binne yayyafi. Na je gidan waya in kira ofishinmu na Azare in ji labari, na wuni a kan benci, layi bai shiga ba.

Da Madam ta ga na dame ta da wajen Kano, ta tambayi Mista Yohanna ko lafiya. Ya ba ta labarin Kawu. Ta cire tabarau, sannan ta ce mahaifinta ma manomi ne, kuma kullum in ta je gida sai ya tambaye ta me ya sa ba ta turo jirgin gonarsa. Ta ce har yau ba ta sami amsar da ta gamsar da shi ba.

Ranar da aka tashi, tun a taron safe muryarta ta sauya. Bayan azahar ta koma gaban wata na’ura mai allo da suke kira rada, wadda ke nuna hadari yana tsirowa kamar tabo. Gabas ta fara tara farin gajimare mai tudu-tudu. Ta ɗauki oba-oba ta yi magana gajeriya, sai na ga ’yan dara sun watsar da ita sun ruga. Kyaftin ya ce akwai kujera ɗaya. Mista Yohanna ya ce shi yana da ’ya’ya ƙanana, kuma aikinsa a ƙasa yake, ya fi so ya ga yadda ake bi da rada. Haka na sami kaina a cikin jirgi karo na farko a rayuwata, an ɗaure ni da bel, an miƙo mini leda ba a ce mini ta mece ce ba.

Ban daɗe ba na gane amfaninta. Jirgin ƙarami ne, kuma inda kowane matuƙi mai hankali ke gudu nan muka nufa. Madam tana faɗa masa ta oba-oba ya yi dama, ya yi hagu, ga nisan da ya rage. Hadari na farko da muka isa, Kyaftin ya zagaya gindinsa, ya girgiza kai, ya wuce. Ya ɗaga murya ya ce mini wannan ba ya jan iska, ya fara mutuwa. Na biyu gindinsa baƙi ne shimfiɗe kamar bayan faranti, kansa fari tas yana ta kumbura. Muna shiga ƙarƙashinsa na ji an ɗaga mu sama kamar an ɗauki jariri. Kyaftin ya yi murmushi ya danna wani maɓalli. Na leƙa ta taga na ga sanda ɗaya ta kama da wuta a bayan fiffike, hayaƙinta yana miƙewa sama, hadarin yana shanye shi. In ta cinye ya kunna wata. Muka yi ta zagaye a wurin, jirgi yana rawa, ni ina salati ina riƙe da ledata. Can Madam ta ce ya isa, hadarin ya kusa fita daga inda ake so, a dawo.

Muna juyowa na waiga na ga ruwa ya sauko daga gindinsa kamar an saki labule. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Murna ce da kishi a haɗe, don ƙasar da ke jiƙewa a ƙasanmu ba tamu ba ce.

Da muka sauka na je na yi wa Madam barka, na ce yau kam kun yi ruwa. Mista Yohanna ya fassara. Ta ce ba za ta iya cewa haka ba. Wataƙila da ma hadarin zai zuba ko ba a taɓa shi ba. Gobe za a bi ƙauyuka a karanta ma’aunai, a ajiye, a kwatanta da na hadarin da ba a taɓa ba, kuma sai an yi damina da yawa ana haka kafin a san ko ana ƙara wani abu. Na ji haushin amsar nan a lokacin. Mutum ya sha wannan jijjiga, a ce masa wataƙila. Amma a hanya da na yi ta juya maganar, na ga da ni ma haka na yi wa Kawu magana ƙarara, da ya fi.

Kafin mu taho na tambayi Kyaftin abin da ke cina, ko jirgin zai iya zuwa ƙasar Katagum ko sau ɗaya. Ya ce ko an ba shi izini, ba jirgi kaɗai ba ne. Sai da rada a kusa, da mai karanta ta, da masu ma’auni, da filin sauka, da shiri tun kafin damina. Ya ce, “Ka gaya wa kawunka wani ɗan’uwansa a nan yana gaishe shi. Ka ce da ina da iko da na zo.” Ya ba ni kwanson sanda ɗaya da ta ƙone, wai in nuna a ofis.

Dawowa ba mu tsaya wasa ba. Malam Garba ma surutunsa ya ragu. Jandarman iyaka ya gane mu, ya leƙo ya ce ina rabonsu. Na ce masa ba a ba mu ba. Ya ce da ma ya sani, ya ɗaga mana sanda.

Muna isa Azare na ajiye jaka na hau babur sai Disina. Hanya ta gaya mini komai tun ban tambaya ba, ko ɗigo ba a yi ba. A gida aka ce Kawu yana gona. Na same shi tsugune a tsakiyar fili, ga layukan binne sun miƙe har gindin kuka, babu ko tsiro ɗaya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen can, sannan ya sa yatsa ya tona rami ɗaya a hankali. Ƙwayoyin gero suna nan a bushe, lafiyarsu ƙalau. Ya ce tururuwa ta ɗebi na gefen gabas, amma yawanci suna nan. Ya mayar da ƙasa ya rufe.

“To, Isa. Yaushe jirgin zai zo?”

Na zauna a ƙasa na gaya masa duka, ban rage komai ba. Na ce jirgi ba ya zuwa. Na ce ko can da yake, ba ya yin ruwa, hadari yake jira kamar kowa, in ya zo ya ɗan taimaka masa. Na isar da gaisuwar Kyaftin. Kawu yana saurare yana murza ƙasa a tafin hannu. Na so ya yi faɗa, da na fi samun sauƙi, amma bai yi ba.

Ya ce, “Ashe su ma zaman jira suke. Allah ya amfana musu.”

Muna nan zaune har la’asar ta yi sanyi, sai iska ta juyo. Na ɗaga kai na ga hadari ya taso daga gabas, shi kaɗai. Da a da ne da na miƙe ina murna. Yanzu kuwa na san abin da zan duba. Gindinsa a yage yake, kansa ya daina kumbura ya fara bajewa. Irin wanda Kyaftin ya zagaya ya girgiza kai ne. Na dubi Kawu, na ga shi ma ya gani, don ya fi ni shekaru yana kallon gabas.

Hadarin ya matso har inuwarsa ta rufe gonar. Ƙamshin ruwa ya bugo mu. Ɗigo ɗaya ya faɗo mini a bayan hannu, wani ya faɗi a kan ramin da Kawu ya rufe, ƙasar ta yi ɗan baƙi. In wannan ya yi yayyafinsa ya wuce, geron kakana ya ƙare a duniya.

Kawu ya ɗaga hannuwa, muryarsa ƙasa-ƙasa.

“Ya Allah, in ba mai jiƙa ƙasa ba ne, ka wuce mana da shi.”

Na ce amin, kuma ban taɓa faɗin amin da ta fito daga cikina irin wannan ba. Muka zauna ba mai motsi. Ɗigon ya ƙaru kaɗan, ya tsaya, ya sake ɗigowa, sannan iska ta tura hadarin ya yi yamma, rana ta fito ta bayansa. Kawu ya bi ramukan da ke kusa yana taɓawa da bayan hannu. Ƙasa a bushe take.

Ya shafa fuska ya ce, “Alhamdu lillahi. Iri yana nan da ransa.”

Ya ɗauki sandarsa muka kama hanyar gari, shi a gaba ni a baya, mu biyu muna godiya ga Allah da bai ba mu ruwa ba a ranar.